Diraya na juyawa amma ba zafi: abin da ya kamata ka duba kafin a ce hita ta ƙone

Idan damina ta kankama a Abuja, musamman daga Yuli zuwa Satumba lokacin da zaka shanya kaya da safe ka dawo da yamma ka tarar ruwa ya sake wanke maka su, sai ka fara jin ƙorafi iri ɗaya daga masu injin busar da kaya: ganga na juyawa lafiya lau, fitila na kamawa, ƙarar ma ba ta canza ba, amma bayan awa biyu a buɗe a tarar kayan na nan da sanyinsu. Abin da kowa ke fara faɗa shi ne hita ta ƙone, mai gyara ma idan ya zo da yawansu nan suke fara nufa tunda ita ce mai tsada kuma ita ce mai sauƙin bayani ga Hajiya. Ni kuwa a ganina hita ce ya kamata a zarga a ƙarshe, domin a garin nan wutar da ke shiga injin da iskar da ke fita daga cikinsa su ne suka fi kawo wannan matsalar, kuma ko da hitar ce ta ƙone ɗin, yawanci akwai abin da ya ƙona ta, in ba a gano shi ba sabuwar ma bin sahu zata yi.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki don sauran bayanin ya zauna. Diraya abu uku ne aka haɗa: wayar da ke yin ja idan wuta ta bi ta cikinta, irin dai ta cikin dutsen guga ko hitar ruwa, sai fanka da ke jawo iska ta bi ta kan wayar nan ta ɗumama ta ratsa kayan da ke juyawa a ganga, sai kuma hanyar da iskar zata fita da damshin. Zafi shi kaɗai baya busar da komai, aikinsa ya tayar da ruwan ya zama tururi, iska ce ke kwashe shi ta fitar. Kuma iskar nan ita ce ke sanyaya wayar hitar, da zarar ta ragu wayar zata yi zafin da ya wuce ƙima, shi yasa masu ƙera injin suka jera wasu ƙananan na'urori kusa da ita, tamostat da ke yanke wuta ya dawo da ita yana daidaita zafin, wani na biyu da ke yankewa idan zafi ya yi yawa sosai, sai fiyus na zafi wanda shi in ya tsinke ya tsinke kenan sai an sa sabo.

Kafin a taɓa sukudireba a duba abubuwan da basu buƙatar ko sisi. Akwai saitin iska zalla mara zafi a kusan kowace diraya, kuma injinan Beljiyam, wato na gwanjon Turai, da yawa rubutun jikinsu da Jamusanci ko Faransanci yake, yaro ko mai aiki ya murɗa maɓallin zuwa can ba wanda ya lura. Mintunan ƙarshe na kowane zagaye kuma dama injin kashe hita yake ya huce kayan, to in ka buɗe a ƙarshe ka ji ba zafi wannan ba shaida ba ce, ka bari ya yi minti goma da tashi ka buɗe ka sa hannu. Sannan in naka sabon samfurin nan ne mai komfiresa kamar firiji, shi dama ba ya zafi sosai, wajen digiri 50 yake aiki alhali tsofaffin suna kai wa 70 ko sama, kuma ya fi su ɗaukar lokaci, lafiyarsa ƙalau.

Toh yanzu maganar wuta, wadda ita ce nake so a tsaya a kai sosai saboda duk bayanin gyaran da zaka gani daga waje ba sa kawo ta, su wutarsu ba ta wasa. Wutar Najeriya a ƙa'ida bolt 230 ce, amma duk wanda ya zauna a Kubwa ko Lugbe ko Nyanya zuwa Mararaba ya san akwai yammacin da kwan fitila ke yin kamar aci-bal-bal fanka na juyawa da ƙyar. Abin da mutane basu sani ba shi ne zafin hita baya raguwa daidai da raguwar wuta, ninki yake raguwa. In wuta ta sauko daga 230 zuwa 180, zaka ce ai kaɗan ta ragu, amma zafin da hitar zata bayar ya koma kusan kashi 61 cikin 100. In ta kai 160, bai kai rabi ba. Ita kuwa motar da ke juya ganga zata ci gaba da lallaɓawa tana juyawa, fitila na ci, sai kaga injin kamar yana aiki alhali ɗumi-ɗumi kawai yake bayarwa. Gwajin mai sauƙi ne, a sa mita a auna wutar gidan lokacin da dirayar ke aiki, ba lokacin da take kashe ba, saboda akwai layin da zai nuna maka 215 ba kaya a kai, ana kunna abu mai nauyi ya rufto. In gidan mai layi uku ne a gwada canza layi. In kuma sitabilaiza za a sa, to ba ɗan ƙaramin nan na talabijin ko firiji ba, dirayar Turai tana jan wat 2,000 zuwa kusan 2,800, sai dai babba mai 5,000 da ake sa wa esi.

Janareta ma haka. Ɗan ƙaramin nan da bai kai wat 1,000 ba a manta da shi gaba ɗaya, mai kVA 2.5 ma in akwai firiji da famfon ruwa a kai zaka ji yana nishi wutar na faɗuwa, kuma irin wannan faɗuwa da tashin shi ke lalata katin da ke sarrafa injin. Inbata ta gida kuwa sai dai in babba ce sosai, in ba haka ba batir kawai ake kashewa. Sai soket, wallahi an sha ganin diraya a kan eksitenshan ɗin naira dubu biyu tare da cajar waya, abin da ke jan amfiya 10 zuwa 12 na tsawon awa biyu ba tsayawa. Ka zare filogi ka duba, in ka ga baƙi-baƙi a ƙafafunsa ko robar ta fara narkewa ko kana jin ƙauri, matsalar tana nan a bango, a ja mata layinta ita kaɗai da waya mai kauri da birekarta.

Akwai kuma masu shigo da diraya daga Amurka, manya-manyan nan farare masu faɗi da ɗan'uwa ke turowa a kwantena. Su tsarin wutarsu daban ne, gidajen can layi biyu ne ke shiga kowanne bolt 120, mota da taima suna aiki da 120 hita kuma tana haɗa biyun ta samu 240, kuma hitar tasu wat 5,000 ce zuwa sama. Shi yasa a can in ɓari ɗaya na bireka ya faɗi ganga zata juya ba zafi. A nan abin da ke faruwa shi ne wani ya ji an ce kayan Amurka 110 ne sai ya ɗora injin gaba ɗaya a kan tiransifoma mai rage wuta, to hitar da aka yi don 240 in ta samu 120 kashi ɗaya cikin huɗu na zafinta kawai zata bayar. Wanda ya san aikin raba su yake, mota ta bi ta tiransifoma hita ta sha 230 kai tsaye ta waya mai ɗaukar amfiya 30, kuma wannan ba aikin gwaji ba ne a gida. Ko an haɗa daidai ma akwai saura, wutarsu na kaɗawa sau 60 a daƙiƙa tamu sau 50, don haka motar zata rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, fanka ta rage jan iska, kaga injin ya fi saurin yin zafi fiye da kima. Mai irin wannan sai ya ninka kula da hanyar iska.

Hanyar iskar kuwa ita ce uwar matsala. Audugar nan mai laushi da ke fita daga jikin kaya, musamman tawul da bargo da kayan sanyin yara, akwai ragar da ke tare ta a bakin ƙofa, kuma ƙa'ida duk wanki ɗaya a cire ta, ba sai sati ba. Ko ragar ta yi kamar tsaf a ido a kai ta famfo a zuba mata ruwa, in ruwan ya taru bai wuce ba to ruwan ƙamshin nan mai laushin kaya ya like ramukan, a wanke da ruwan ɗumi da omo da tsohon buroshi. Amma ba duka audugar raga ke kamawa ba, wata na wucewa ta taru a cikin fanka da tiyon baya, ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana haɗuwa da ita ta zama kamar katifa. Sannan gidajenmu na haya ba a gina su da tunanin diraya ba, ba rami a bango, sai a tura injin cikin sito ko lungun kicin a naɗe tiyon a baya a matse shi da bango, ko a ƙara masa tsawo da wani siririn tiyo a kai shi taga. Tiyon inci 4 ne, ya kamata ya zama gajere, miƙaƙƙe, ba lanƙwasa da yawa, don kowace lanƙwasa rage ƙarfin iska take. Wasu kuma saboda sauro da ɓera sai su ɗaura net a bakinsa na waje, cikin wata guda auduga ta toshe shi ruf, wani lokacin ma zanzaro ne ya yi gininsa na laka a ciki tun lokacin rani da ba a amfani da injin. Gwajin da na fi so shi ne a cire tiyon gaba ɗaya daga bayan injin a buɗe taga a busar da wanki ɗaya haka nan, in kaya sun bushe da wuri to ka san ba ruwan hita. Alamar toshewa ita ce saman injin ya yi zafi rau, kayan su yi zafi amma da damshi, ɗakin ya cika da gumi, ko zafin ya zo ya ɗauke ya zo ya ɗauke.

Masu irin wadda ba ta da tiyo, mai tara ruwa a tanki, su abu biyu ne. Tankin in ya cika injin tsayawa yake ko ya yanke zafi, haka in ɗan famfon da ke tura ruwan sama ya toshe. Sai akwatin ƙarfen nan da ke ƙasa bayan ƙaramar ƙofa, ana zare shi a wanke da ruwan famfo kamar sau ɗaya a wata, da yawa sun shekara da injin basu san ma yana fita ba. Ita wannan da iskar ɗaki take sanyaya tururin, in an kulle ta a sito mara taga a zafin Maris ba abin da zata iya.

Wani abin da ba laifin injin ba ne kwata-kwata, kayan da aka wanke da hannu aka ɗan matse aka jefa ciki suna ɗiga. Kowace litar ruwa ɗaya sai ta ci sama da rabin yunit na wuta, wajen 0.6, kafin ta zama tururi, wannan lissafi ne da ba injin da zai kauce masa. Diraya an yi ta ne ta karɓi kayan da injin wanki ya riga ya wulwula ya tsane su a gudun 1,000 zuwa 1,400 a minti, in aka ba ta zanin gado jagab sai ta yi awa huɗu ana cewa ba ta zafi. Ga waɗanda ke Band A, rukunin masu samun wuta da yawa, da aka kai musu yunit naira 225 a Afrilun 2024, ai kun san abin da awa huɗun nan ke nufi a mita. Haka cika ganga taf, dole a bar wa kaya wurin da zasu riƙa faɗowa iska na ratsa su. In kuma injin na tsayawa da wuri kaya basu bushe ba, akwai wasu siraran ƙarafa biyu a ciki kusa da ƙofa da ke jin damshi, in sun yi dauɗa sai su ɗauka kaya sun bushe, a goge su da tsumma da ɗan binega.

To in duk an bi waɗannan ba zafi ko kaɗan, sai a buɗe. A zare filogi daga bango, ba kashe suwic kawai ba, a nan garin da za a iya kawo wuta ko a tada janareta ba sallama. Kafin ma a kwance komai a duba baya, wasu injinan Ingila suna da ɗan jan maɓalli a jikin murfin hita, in ka danna ka ji ƙas to dama shi ne ya yanke. A yawancinsu hitar tana bayan ganga ƙarƙashin wani murfin ƙarfe. Ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka cire ko ɗaya. Mitar gwaji ta ’yan dubbai da ake samu a kasuwar Wuse ko shagunan kayan wuta ta isa, a sa ta a ma'aunin om, a zare waya ɗaya daga abin da za a auna don kada ta karanta ta wata hanyar ta yaudare ka. Hita mai wat 2,000 zata nuna kusan om 26, ta Amurka wajen 10 zuwa 12, in mita ba ta motsa ba wayar ta tsinke, sau da yawa ma da ido zaka ga wurin. Da yawa daga na Turai hita biyu ce a haɗe, in ɗaya ta mutu sai zafin ya ragu bai ɗauke duka ba, don haka kowacce a auna ta daban. Sai a ɗora tsinken mitar ɗaya a bakin hita ɗayan a jikin ƙarfen injin, nan bai kamata ta nuna komai ba, in ta nuna to wayar ta saki ta taɓa jiki, ita ce ke sa bireka faɗuwa ko injin ya riƙa jan mutum, kuma a gidan da at ɗinsa, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, na ado ne wannan ba abin wasa ba ne. Tamostat da fiyus su kuma a sanyi ya kamata su nuna kusan sifili, wanda bai nuna ba shi ne ya tafi. In akwai ɗan sensa mai auna zafi, mai siraran wayoyi biyu, ka riƙe shi a tafin hannu yana ɗumi lambar na sauka, in ta tsaya cak ko ba ta nuna komai ya lalace.

Nan ne nake da magana da masu gyara. In aka samu fiyus ya tsinke, abin da wasu ke yi shi ne su cire shi su murɗe wayoyin biyu su naɗe da salatif, injin ya dawo da zafi nan take, oga ya ji daɗi ya biya. An bar jaki ana dukan taiki kenan, domin fiyus ɗin bai tsinke don ra'ayinsa ba, zafi ne ya wuce iyaka, kuma yanzu an cire abu na ƙarshe da ke tsakanin jar waya da tarin busasshiyar auduga. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2015 kamfanin Whirlpool ya fitar da gargaɗi a Birtaniya kan miliyoyin dirayoyin Hotpoint da Indesit da Creda da aka ƙera daga 2004 zuwa 2015 saboda auduga na iya taɓa hita ta kama da wuta, a 2016 wata daga cikinsu ta tada gobara a wani dogon bene a unguwar Shepherd's Bush da ke Landan, a 2019 kuma aka yi kiranyen waɗanda ba a gyara ba. Waɗancan da fiyus ɗinsu a jiki ma kenan. Kuma tunda kayan gwanjon Ingila nan suke ƙarewa, duk mai ɗaya daga cikin sunayen nan ya duba lambar samfurinsa a intanet. Dan Allah in mai gyara ya ce ya gama, ka tambaye shi kai tsaye, Malam me ka canza, ina tsohon, kuma ka tsaya a kansa ya share audugar da ke kewaye da hita da fanka kafin ya rufe. Kada a bar diraya na aiki a fita ko a kwanta barci, kada a saka mata kayan da fetur ko kalanzir ya taɓa, haka tsumman kicin da ya sha man gyaɗa ko manja, shi wannan ko bayan an kashe injin in aka bar shi a dunƙule da zafinsa yana iya kamawa da kansa.

In hita lafiya, tamostat lafiya, fiyus lafiya, wuta ta cika amma har yanzu shiru, saura rile ɗin da ke kan kati wanda ke ba hita wuta, sau da yawa in an juya katin za a ga dalmar ƙafarsa ta ƙone ta yi baƙi, mai gyaran rediyo da talabijin na kirki zai iya sake like ta ko ya canza rilen ba sai an sayi kati sukutum ba. A wasu injinan kuma akwai suwic a cikin mota da ba ya barin hita ta kama sai motar ta ɗau gudu. Waɗannan biyun na wanda ya saba ne. Mai aiki da gas kuwa, irin na wasu gidajen wanki da guga, in ka leƙa ka ga abin kunnawar ya yi ja amma wuta ba ta tashi ba, ko ta tashi sau ɗaya daga baya ta ƙi, yawanci koyil ɗin bawul ne, wato naɗin wayar da ke buɗe wa gas hanya, sannan na Amurka da gas ɗin bututu aka saita su, sai an canza musu kan fitar gas kafin a haɗa da silindarmu. Mai komfiresa shi ma in an wanke filtocinsa bai dawo ba, mai gyaran firiji da esi za a nema, wasu gas ɗin cikinsu mai kamawa da wuta ne.

Wajen sayen kayan gyara a tafi da tsohon a hannu tare da hoton takardar da ke manne a bakin ƙofa ko bayan injin mai ɗauke da lambar samfuri. Fiyus da tamostat akwai lambar digirin da suke yankewa a rubuce a jikinsu, wadda za a saya ta zama daidai da ita, kar a yarda da mai shago ya ce ai wannan ta fi ƙarfi ba ta saurin tsinkewa, saurin tsinkewar shi ne aikinta. In hita ce a dubi wat ɗinta da bolt ɗinta, kuma ya fi kyau a canza ta tare da tamostat ɗin da ke jikinta tunda zafi ɗaya suka sha. Wanda ba a samu a Abuja ba masu shago kan yi odarsa daga kasuwar Alaba ta Legas, in na cire-cire ne daga wani mataccen injin a auna shi da mita a gaban mai shagon kafin a miƙa kuɗi.